Hemlock, Tsiron da Aka Shayar da Sokratis: Tambayoyi da Amsoshi kan Sunansa da Gubarsa

Duk wanda ya karanta tarihin Girkawa, ko ya zauna ajin falsafa a jami'a, ya ci karo da wannan kalma. Za a ce an yanke wa Sokratis, masanin falsafar nan na Girka, hukuncin kisa, aka ba shi hemlock ya sha, sai a wuce gaba, ba a faɗi ko ganye ne ko saiwa ko wani haɗi na bokaye ba. Tambayoyin da ke biye su ne irin waɗanda ɗalibai da masu fassara ke yi, da 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka, inda tsiron ke fitowa a bakin hanya. Abin riƙewa tun daga farko shi ne suna ɗaya ne amma tsire-tsire da dama ke amsa shi, kuma yawancin ruɗanin da ake yi daga nan ya taso.

Mene ne hemlock?

Kalmar Ingilishi ce, sunan wani tsiro mai guba wanda masana tsirrai ke kira Conium maculatum. Ɗan gidan su karas ne, dangi ɗaya da seleri da sauran ganyayen ƙamshi da Turawa da Larabawa ke sa wa girki. Shekara biyu yake rayuwa. A ta farko ganye kawai yake shimfiɗawa a ƙasa, a ta biyu ya miƙe da kara, tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Furannin ƙanana ne farare, suna taruwa a kan tsinke kamar buɗaɗɗiyar laima.

Asalinsa Turai da Arewacin Afirka da yammacin Asiya. A ƙarni na 19 aka kai shi Amurka a matsayin tsiron ado na lambu, ya tsallake shinge ya bazu. Yau yana nan a Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Kudancin Amurka, a bakin rafi da gefen titi da gonakin da aka bari. Ganyensa da karansa da furensa da irinsa da saiwarsa duk guba ne.

Daga ina kalmar ta fito?

Tsohuwar kalma ce ƙwarai, ta girmi Ingilishin da ake ji yanzu da ɗaruruwan shekaru. An same ta a rubuce tun wajen shekara ta 700, a wani jerin kalmomin Latin da malaman majami'a suka yi wa fassara don ɗalibansu. A gaban kalmar Latin ta cicuta suka rubuta hymblicae. Daga baya siffofinta suka zama hymlice da hymlic da hemlic. Wannan “e” ɗin da ke cikin hemlic karin harshen mutanen Kent ne, a kudu maso gabashin Ingila, waɗanda suka saba mai da wasalin “y” na zamanin zuwa “e”. Nasu lafazin ne ya yi rinjaye. A ƙarnukan da suka biyo baya aka riƙa rubuta hemlok da humlok, har aka tsaya a kan rubutun da muke gani yau.

Daga nan ne sawu ya ɓace wa masana harshe. Galibin tsofaffin kalmomin Ingilishi suna da 'yan'uwa a Jamusanci ko harshen Holan ko harsunan arewacin Turai, ta haka ake bin diddiginsu. Wannan kuwa ba ta da 'yar'uwar da aka yi ittifaƙi a kanta, shi ya sa manyan ƙamusoshi ke rubuta cewa asalinta a rufe yake. Akwai hasashe guda biyu da aka fi ambata. Wasu sun danganta ta da hymele, tsohon sunan wani tsiro mai yaɗo da Turawa ke sa wa giya ɗaci da shi. Wasu kuma suna ganin gaɓar farko ta fito ne daga wani tsohon tushe mai ma'anar guba, aka liƙa masa ƙarshen da ake liƙa wa sunayen tsirrai. Ƙarshen nan yana nan a charlock, sunan wata ciyawar gona, wanda a da ake cewa cerlic. Duka biyun hasashe ne, kuma duk wanda ya kawo maka ɗaya daga ciki a matsayin magana yankakkiya ya zarce abin da hujja ta bayar.

A ganina akwai abin lura a nan. Likitoci da malamai da cicuta suke rubutu, amma kalmar da ta rayu ita ce ta manoma da makiyaya, mutanen da shanunsu ke mutuwa idan sun ci tsiron.

To, Conium maculatum fa, me yake nufi?

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya tabbatar da wannan suna a 1753. Conium daga koneion ne, sunan tsiron a tsohon harshen Girka. Akan ce koneion na da alaƙa da wata kalma mai nufin juyawa, saboda jirin da ke kama wanda ya sha, amma wannan ma hasashe ne. Maculatum ba shi da gardama: a Latin yana nufin mai ɗigo-ɗigo, saboda tabon ja mai duhu, kusan ruwan makuba, da ke jikin karan, musamman daga ƙasa.

Na ga wasu littattafai suna cewa cicuta. Abu ɗaya ne?

A nan gizo ke saƙa. A wurin Romawa, cicuta shi ne wannan tsiro namu, wanda Girkawa ke kira koneion. Har sarewar makiyaya ma cicuta mawaƙansu ke ce mata, don karan rami ne a ciki, ana yanka shi a busa. Daga Latin kalmar ta shiga Italiyanci da Sifaniyanci a yadda take, ta zama ciguë a Faransanci.

Da Linnaeus ya zo tsara sunaye, sai ya ba tsiron Sokratis sunan Girka, ya ɗauki sunan Latin ɗin ya ba wani jinsi daban mai fitowa a fadama da bakin ruwa. Saboda haka Cicuta ta masana kimiyyar yau hemlock ɗin ruwa ce: Cicuta virosa a arewacin Turai da Asiya, Cicuta maculata da Cicuta douglasii a Amurka ta Arewa. Ga kuma na uku, Oenanthe crocata, wanda ya yi yawa a rafukan Birtaniya da yammacin Turai, shi ma da hemlock a cikin sunansa na Ingilishi. Saiwoyinsa farare ne masu kauri, a jere kamar yatsu, har mutanen can na kiransu yatsun matacce.

Dukkansu dangi ne, suna kama da juna, kuma dukkansu na kisa. Amma gubarsu ta bambanta. Ta Conium shanye jiki take yi. Ta Cicuta da Oenanthe kan ƙwaƙwalwa take hawa, ta jefa mutum cikin jijjiga mai tsanani irin ta farfaɗiya, da kumfa a baki, kuma ta fi taruwa a saiwa. Mai karanta tsohon littafin likitanci, in ya ga cicuta, dole ya tsaya ya duba shekarar da aka rubuta shi da tsiron da marubucin ke siffantawa.

Yaya sunansa a Larabci da sauran harsuna?

Larabawa na cewa shaukaran, Farisawa shokaran. Likitocin Musulmi sun san tsiron sarai, domin a ƙarni na 9 aka fassara littafin magunguna na Dioscorides, wani tsohon likita Bagirke, zuwa Larabci a Bagadaza, Hunain ɗan Ishaƙ ya duba fassarar ya gyara. Jamusawa na cewa Schierling, Turkawa baldıran. Na Rashawa, boligolov, ma'anarsa a fili take: mai sa ciwon kai.

Me ya haɗa shi da Sokratis?

A birnin Atina, shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka gurfanar da Sokratis, wanda littattafan Larabci ke kira Suƙraɗ, yana da kimanin shekara 70. Mutum uku suka kai ƙararsa, Meletus da Anytus da Lycon, bisa zargin ƙin girmama allolin birni da ɓata tarbiyyar matasa. Masu yanke hukunci kimanin 500 suka same shi da laifi, suka yanke masa kisa. Ya yi kusan wata guda a kurkuku kafin a zartar, saboda jirgin ruwan ibada da birnin ke aikawa tsibirin Delos duk shekara bai dawo ba, kuma al'adarsu ta hana kisa har sai ya dawo. Abokansa sun shirya masa hanyar gudu, ya ƙi.

Almajirinsa Plato, Aflaɗun na littattafan Larabci, shi ya rubuta yadda ranar ƙarshe ta kasance a littafinsa Phaedo, ko da yake ya faɗa a ciki cewa shi kansa ba ya nan, ba shi da lafiya. Ga abin da ya kawo. Da rana ta kusa faɗuwa, mai ba da gubar ya shigo da ita a daka a cikin ƙoƙo. Sokratis ya tambaye shi yadda ake yi. Ya ce masa ya sha, ya yi ta zagaya ɗakin har ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, sannan ya kwanta. Ya tambaya ko zai iya zuba kaɗan a ƙasa don allolinsu, mutumin ya ce daidai wanda zai isa kawai suke dakawa. Ya shanye. Abokansa suka fashe da kuka, ya tsawata musu. Da ƙafafun suka yi nauyi ya kwanta rigingine. Mutumin ya matsa tafin ƙafarsa da ƙarfi ya ce ko ya ji, ya ce bai ji ba. Ya matsa ƙwauri, haka nan. Ya nuna wa mutanen yadda sanyi ke hawa jikin, ya ce idan ya kai zuciya shi ke nan. Da ya kai mara, Sokratis ya yaye mayafin fuskarsa ya gaya wa abokinsa Crito cewa akwai bashin zakara a kansu na Asclepius, allan warkarwa a wurin Girkawa, a biya kada a manta. Bai sake magana ba.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a duk wannan bayani Plato bai ambaci koneion ba. Pharmakon ya yi ta cewa, kalmar da ke ɗaukar ma'anar magani da ta guba baki ɗaya. An gane tsiron ne daga wasu marubuta, domin sananne ne cewa da koneion hukumar Atina ke kisa a zamanin. Da shi aka kashe ɗan siyasa Theramenes a shekara ta 404, da kwamandan yaƙi Phocion a ta 318. Plutarch, wani tsohon marubucin tarihi Bagirke, ya rawaito cewa a ranar Phocion gubar ta ƙare kafin a zo kansa, mai dakawa ya ce ba zai daka wata ba sai an biya shi dirakma 12, wato kuɗin Girka na zamanin.

Da gaske mutuwar ta zo da sauƙi haka, ko Plato ya ƙawata labarin?

An daɗe ana wannan gardama. A ƙarni na 20 wasu masana suka ce ai wanda ya sha hemlock amai yake yi da jijjiga da shure-shure, don haka Plato ya share munin abin ne don malaminsa ya mutu da mutunci. Daga baya wata mai bincike, Enid Bloch, ta koma ta bi rahotannin likitoci ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa an cakuɗa tsirran ne. Yawancin labaran jijjiga na hemlock ɗin ruwa ne da Oenanthe, waɗanda sunan cicuta da sunan hemlock suka haɗa su da Conium a tukunya ɗaya.

Akwai shaida mai ƙarfi daga birnin Edinbara na Sikotilan a 1845. Wani tela talaka, 'ya'yansa suka tsinko masa ganye suna zaton ganyen ci ne, ya ci da burodi. Ya fita yana tangaɗi har aka ɗauka ya bugu ne. Ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, sannan hannuwa, magana ta gagara, alhali alamu na nuna yana cikin hankalinsa, ya rasu cikin 'yan sa'o'i. Likita John Hughes Bennett ya rubuta rahoton, kuma ya yi daidai da na Plato ta fuskar shanyewar da ke tasowa daga ƙafa.

Duk da haka kada kowa ya ɗauka mutuwa ce mai daɗi. Tashin zuciya da amai da rawar jiki suna faruwa, kuma ƙarshenta numfashi ne ke gagarar mutum yana ji yana gani.

Yaya gubar ke aiki a jiki?

Manyan sinadaran gubar su ne coniine da gamma-coniceine. Jijiya tana kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, kuma a mahaɗarsu akwai wurin da saƙon ke sauka. Coniine na zama a wannan wuri, wanda shi ne nikotin na taba ke taɓawa. Da farko yana zaburar da shi, sai a ga yawu na zuba, zuciya na bugu da sauri, jiki na rawa. Daga baya ya toshe shi, saƙo ya daina wucewa, tsoka ta saki. Idan abin ya kai tsokokin ƙirji da ke jan numfashi, nan ne ajali. Alamun kan fara daga rabin sa'a zuwa 'yan sa'o'i bayan an ci. Wasu da suka tsira sukan samu lalacewar tsoka da ciwon ƙoda.

Coniine na da matsayi a tarihin kimiyya. A 1886 masanin sinadarai na Jamus, Albert Ladenburg, ya haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma shi ne na farko a rukunin sinadaran tsirrai da ake kira alkaloid da ɗan'adam ya haɗa da hannunsa.

An ce akwai bishiyar hemlock da ake yin katako da ita. Ita ma guba ce?

A'a. Wannan bishiya ce babba mai ganye kamar allura, jinsin Tsuga, sunan da aka aro daga Japananci. Tana fitowa a Amurka ta Arewa da gabashin Asiya, ba ta da dangantaka da tsiron Sokratis ko kaɗan. Turawan da suka je Amurka ne suka laƙaba mata sunan, wasu sun ce don warin ganyenta idan an murza, wasu sun ce don yadda rassanta ke bajewa. Ita ce bishiyar da jihar Pennsylvania ta ɗauka tambarinta. A ƙarni na 19 an sare ta da yawa saboda ɓawonta, wanda majemansu ke jima da shi kamar yadda namu ke yi da bagaruwa.

Shin hemlock shi ne zaƙami? Yana da suna a Hausa?

Ba shi ba ne, kuma ina roƙon masu fassara su daina haɗa su. Zaƙami jinsin Datura ne, ɗan gidan su gauta da tumatir da taba. Gubarsa gusar da hankali take yi, ta bushe baki, ta sa mutum sambatu da gane-gane. Hemlock kuwa yakan bar hankali ya kwantar da jiki. Ba ƙwanƙwani ba ne kuma, wanda maharba ke dafin kibiya da shi, don shi zuciya yake tsayarwa.

Hemlock tsiron ƙasashe masu sanyi da danshi ne, ba ya cikin tsirran dajin ƙasar Hausa, don haka kakanninmu ba su raɗa masa suna ba. A Afirka ana samunsa a ƙasashen arewa da tsaunukan Habasha, kuma akwai wasu 'yan'uwansa na jinsin Conium a kudancin nahiyar. Mai rubutu da Hausa ya bar sunan yadda yake, ya ƙara bayani a karon farko, misali “hemlock, wani tsiro mai guba ɗan dangin karas”. Idan rubutun na masu ilimin Larabci ne, shaukaran ta wadatar. Guba ita ce kalmar da ta dace da shi, tunda sha ake yi ko ci. Dafi ya fi tafiya da maciji da kunama da kibiya.

Yaya zan gane shi idan na gan shi?

Wannan tambaya ta fi shafar wanda ke zaune a Turai, Amurka, Turkiyya ko Maroko, musamman mai sha'awar tsinko ganye a daji ko mai yara ƙanana. Dubi karan: sumul yake ba gashi, rami ne a ciki, da ɗigo-ɗigon nan masu duhu. Ganyen yankakke ne sosai, kamar na karas amma ya fi faɗi da sheƙi. In an murza shi wari yake yi marar daɗi, wanda aka fi kwatantawa da na fitsarin ɓera. Saiwar fara ce doguwa. Karas ɗin daji, wanda aka fi rikita su, karansa na da gashi, bai kai shi tsayi ba, kuma ƙamshin karas yake yi.

Matsalar ita ce ƙaramin tsiro na shekarar farko ba lallai ya nuna ɗigon ba, kuma a lokacin ne ya fi kama da ganyen miya. Shawarata ita ce duk wani tsiron daji mai ganyen karas da farin fure mai siffar laima, a bar shi inda yake. A hana yara yin busa da karansa, don an samu waɗanda suka sha guba ta haka. Mai cire shi daga lambu ya sa safar hannu, ya tumɓuke shi da saiwa kafin ya yi iri, kada ya ƙona shi, kada ya zuba inda dabba za ta kai baki.

Ba a taɓa yin magani da shi ba?

An yi, tun zamanin Girkawa, don kwantar da ciwo da kumburi. A 1760 wani likitan Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, mai suna Anton von Störck, ya wallafa littafi yana cewa yana warkar da ciwon daji, Turai ta ɗauka da zafi, sai dai sauran likitoci da suka gwada ba su ga warakar ba. Likitancin zamani ya ajiye shi, domin tazarar da ke tsakanin abin da zai yi aiki da abin da zai kashe ƙanƙanuwa ce, kuma ƙarfin gubar na canzawa daga tsiro zuwa tsiro, daga damina zuwa rani. Babu wani ma'aunin gida da za a ce amintacce ne.

Dabbobi fa?

Shanu da dawakai da aladu da tumaki da awaki duk yana kama su, shanu sun fi saurin faɗuwa. Warinsa kan kore su idan akwai wata ciyawa, amma a farkon tsiro, lokacin da shi kaɗai ne kore a fili, ko in ya shiga cikin ciyawar da aka yanka aka tara, sukan ci. Saniya mai ciki da ta ci wanda bai kai ya kashe ta ba a watanni na biyu zuwa na uku tana iya haifar ɗan maraƙi mai karkatattun ƙafafu ko tsagaggen ganɗa, saboda gubar na hana ɗan tayin motsi a lokacin da gaɓoɓinsa ke ƙira.

Idan wani ya ci bisa kuskure, me za a yi?

A garzaya da shi asibiti nan take, ko a kira lambar agajin gaggawa ta ƙasar da ake, ko da bai fara nuna komai ba. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin wanda tsokar haɗiyarsa ta fara saki aman na iya faɗa masa cikin huhu. A tafi da ragowar tsiron a leda, ko a ɗauki hotonsa da waya, ganye da kara da saiwa, don likita ya san ko Conium ne ko na ruwa, tunda ɗaya na bukatar taimakon numfashi, ɗayan kuma maganin tsayar da jijjiga da wuri.

Gubar ba ta da makari. Abin da asibiti ke yi shi ne a ba shi wani gawayi na musamman da ke tsotse guba a ciki idan an zo da wuri, a sa masa ruwa, a lura da zuciya da ƙoda, a ɗora shi a kan na'urar numfashi idan ƙirji ya gaza. Shanyewar ba ta dindindin ba ce. Idan na'ura ta riƙe numfashin har jiki ya fitar da gubar, yawancin marasa lafiya suna tashi.